Abin da Ke Dawo da Liman Asibiti

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata aka kira ni ɗakin maza na asibitinmu. Mu huɗu ne a tsaye gefen gadon: likita, da Sista Hanne mai kula da ɗakin, da ni Isa mai ba da magani, da Alhaji Mustafa wanda ya zo ɗaukar mahaifinsa. A kan gadon kuwa Malam Liman ne zaune, an jingina shi da matashin kai, carbi a hannu. Limamin wani ƙaramin masallaci ne a unguwar Kusfa, dattijo mai ciwon zuciya, kuma wannan ce sallama ta uku da aka yi masa tun faɗuwar damina.

Ba a saba kiran mai ba da magani gefen gado ba. Wurina taga ne. Tun da aka aiko a kira ni na san akwai magana.

Likita ya yi wa dattijon fatan alheri, sannan ya ja mu baranda inda ba zai ji ba. Ya dubi ɗan ya ce, "Alhaji, sau uku ke nan ana kawo shi ƙafa a kumbure, numfashi da ƙyar. Sau uku muna fitar da ruwan ya tashi garau. Zuciyar nan ta gaji. In aka sake kawo shi a haka, ban yi maka alkawarin zai koma gida da ƙafarsa ba."

Alhaji Mustafa ya ce, "Likita, wallahi duk abin da aka ba ni na kai gida. Ban taɓa barin maganinsa ya yanke ba."

"To me ke dawo da shi?"

Likita ya juyo gare ni ya ce in sake yin bayani daga farko. Na ɗaga ambulan ta farko, na ce wannan ƙaramar ta zuciya ce, ɗaya kullum da safe, ba a ƙarawa ko da an manta ta jiya. Na ɗaga ta biyu, kafin in buɗe baki Alhaji ya riga ni: "Ta fitar da ruwa ce, safe da yamma. Za ta sa shi yawan zagayawa, kuma abin da ake so ke nan. A rage gishiri, a bar kanwa." Bai bar ko harafi ba. Babban ma'aikaci ne a ofishin ƙaramar hukuma, ya fi ni karatu nesa ba kusa ba. Muka rabu a kan haka, kowa ya yi abin da ya kamata, kuma ba wanda ya san inda ɓarakar take.

Da wannan labarin na fara saboda ku, yaran da ke tsaye a tagar magani yanzu. Na ji abin da kuke cewa, wai aikin ba komai ba ne: a karanta takarda, a ƙirga, a miƙa. Wani ma ya ce a gabana ko makaho zai iya in an jera masa kwalaben. To ku saurara, a bi da bi zan faɗa.

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin magani wankin kwalba ne. Iyakata firamare aji bakwai, aka ɗauke ni leburan ɗaki a ƙarƙashin Baba Tanimu, tsohon mai ba da magani da ya yi zamani da Turawa. A lokacin mai tari ko mai ciwon ciki da kwalbarsa yake zuwa, mu zuba masa daga manyan kwalabenmu. Wani ya zo da ta man gyaɗa, wani ta turare, wani ma ta kananzir. Baba Tanimu sai ya sansana kowace. Wadda hancinsa bai yarda da ita ba tawa ce: ruwan zafi, sabulu, tsinke da tsumma, a kife ta bushe. Na fi shekara a kan wannan kafin ya bar ni in taɓa faranti.

Farantin ƙirga ƙwaya na ƙarfe ne, da ɗan kwararo a gefe da ake turo ƙwayoyin su gangara cikin ambulan. Da 'yar wuƙa marar kaifi ake tura su. Ranar da na sa yatsa na janyo wata da ta kauce, ban ga tahowar rula ba, sai jin ta na yi a bayan hannu. Ya ce, "Wannan yatsan da ka sosa kai da shi, shi za ka sa a bakin mutane?" Ban sake ba. Sauran kayan aikin ba yawa: mazurari, kofin awo na gilashi wanda ake ɗagawa daidai ido, turmin tangaran da 'yar taɓaryarsa don niƙa wa jarirai, da alƙalami. Kowane yana da mazauninsa, kuma in aka tashi aiki sai an mayar da shi can.

Tsarin Baba Tanimu ba ya canzawa ko layi ya kai bakin titi. Ka karanta takardar likita. Ka ɗauko gwangwanin. Ka sake karanta takardar da gwangwanin tare. Ka ƙirga. Ka rubuta a ambulan: da boko ga ɗan boko, da ajami ga malami, ga wanda bai iya ko ɗaya ba ka ja masa zane, ɗaya na safe, ɗaya na rana, ɗaya na dare. Ka kira suna har da na uba, don Amina ba ɗaya ba ce a layi. Ka yi bayani. Sannan ka sa a maimaita maka. In an tsallake ɗaya daga ciki, a wurinsa ba a yi aiki ba.

Masu zuwa tagar kuwa iri-iri ne. Akwai manomin da ya taso daga ƙauye tun asuba, in ka miƙa masa ƙwaya ya ɓata rai, shi allura ya zo nema, wai ƙwaya ba ta ratsa jiki. Akwai tsohuwar da za ta karɓi nata ta ce a ƙara mata na jikanta da na maƙwabciya. Akwai mai cewa "na gane" tun ba ka fara ba. Akwai wanda da ya ji sauƙi sai ya daina sha, ya adana saura a saman bango don wata rana ko don wani. Duk waɗannan a taga ake gamawa da su, da haƙuri da ɗan faɗa.

Masu wuya su ne waɗanda Sista Hanne ke kira 'yan gida: masu ciwon zuciya, da masu ciwon suga, da masu hawan jini. A kwantar da su, su warware, a sallame su, kafin wata ya zagayo an sake shigo da su ranga-ranga. Gadon da wani ke jira su sake hawa, iyalinsu su sake zaman jinya, kuma kowace dawowa tana rage wani abu a jikinsu wanda ba ya komawa. A lokacin ba wanda aikinsa ne ya bi su gida. Likita na ɗaki ne, Sista ta gado ce, ni na taga. Daga bakin ƙofar asibiti zuwa ɗakin majinyaci ba na kowa ba ne.

Mako guda da wani abu bayan sallamar Malam Liman, Sista Hanne ta tsaya a tagata lokacin tashi. A unguwar Kwarbai take zaune, mace ce mai magana ɗaya. Ta ce, "Malam Isa, mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, mu kuwa muna nan muna ta tara kwano. Ran Alhamis bayan la'asar ka zo da kekenka mu je Kusfa. Ni in shiga wurin mata, kai ka tsaya zaure."

Haka aka yi. Ranar Alhamis ba karatu, don haka na tarar da Liman a zaure a kan buzunsa, ba kowa sai ladanin masallacin, Malam Ɗanjuma, tsohon abokinsa tun ƙuruciya. Sista ta yi sallama ta shige ciki. Na durƙusa muka gaisa, muka gaisa, muka ƙara gaisawa. Ina gaisuwar ina duban ƙafarsa. Idon sawu ya fara ɓacewa.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya maganin?"

Ya ce, "Madalla da maganinku. Ƙaramar ba ruwanta. Ɗayar ce dai, Malam Isa, jinina bai haɗu da nata ba."

"Me take yi maka?"

Ya ci gaba da jan carbi. Ladan ya ce, "Faɗa masa mana! Malamin asibiti ne, ba surukinka ba. To in ba za ka faɗa ba ni in faɗa. Kwanaki muna Magariba, raka'a ta biyu, sai na ji an kamo hannun rigata. Liman ne ya jawo ni gaba, shi ya ratsa sahu ya fice riƙe da hanci kamar mai haɓo. Ni ban shirya ba, muryar duk ta ƙare a kiran salla. Surar da na ɗauko da ƙyar na kai ƙarshenta."

Liman ya ce, "Kai dama ba abin da ka taɓa kai ƙarshensa sai malmalar tuwo."

"Ka ji shi ko? Mutum ya rufa maka asiri a gaban jama'a, sakayyar ke nan."

Liman bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Shekara da shekaru da alwalar Magariba nake Isha'i. Tun da na fara shan ƙwayar nan buta ta zama abokiyar zamana. Na ce wannan ta tsinka mini mara, cuta ake ɗora mini a kan cuta. A asibiti na ɗauka allurar da ake yi mini ce ke sa haka, kuma can ba ni ke jan salla ba. A nan kuwa mutane ne a bayana. Sai na ce wa mai ɗakina ta riƙa ba ni ƙaramar, ta bar waccan."

"Tun yaushe, Malam?"

"Duk dawowar da na yi. Nakan sha kwana biyu don kada in raina ƙoƙarinku, sannan in bari."

Na gyara zama. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ka yi mini afuwa zan faɗi magana ba sakaye. Wannan fitsarin shi ne maganin. Zuciyarka ba ta da ƙarfin tura ruwa kamar dā, sai ya taru a ƙafa, daga ƙafa ya hau ciki, daga ciki ya danne huhu. Ƙwayar nan ita ke buɗe masa hanya. Duk butar da ka ɗauka, ruwan da zai hana ka numfashi ne ya fita."

Carbin ya tsaya. Ya kalle ni ya ce, "Ba a gaya mini ba."

Na ce, "Sau uku ana gaya wa Alhaji Mustafa."

Ina kiran sunan sai dattijon ya kawar da fuska ya dubi bango. Ladan ya tafa hannu ya ce, "Kai, yaro! Ɗan fari ne fa. Tun da aka haife shi bakin nan bai taɓa kiran sunansa ba. In ya zo gaisuwa daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ya ce Allah ya gafarta Malam, a ce masa madalla, shi ke nan an gama hira. Shi ne zai zauna ya yi wa ubansa zancen buta?"

Ana cikin haka Sista Hanne ta fito da ƙunshi a hannu. Ta buɗe a gabanmu: ambulan uku na ƙwayar ruwa, na sallama uku, kowace kusan cike. A ciki ma labarin ɗaya ne. Hajiya Inna, matar Liman, ita ke ajiye magani, ita ke aiko shi da kokon safe. Ita ma ba ta magana da ɗanta na fari, ba ta ma ɗaga ido ta dube shi. Shi sai ya ba matarsa ambulan da bayani, matar ta kai wa surukarta tana sunkuye, kuma ita ma ba za ta iya furta wancan zancen a kan surukinta ba. Abin da ke isa kunnen Hajiya kawai shi ne "safe da yamma". Batun kanwa ma a hanya ya faɗi. Kullum sai ta dama masa kunun kanwa, don a saninta shi ne abincin mai jinya.

Ba wanda bai san kunyar ɗan fari ba a cikinmu. A gidajenmu muke yin ta. Kuma ba wanda bai san cewa in za a yi maganar dattijo, babban ɗansa ake kira ba. Kiran wani ma raini ne. Al'adu biyu ne, kowace daidai take a wurinta. Da suka haɗu a tagar magani sai suka kusa kashe mutum.

Ku lura da abin da ban yi ba a zauren nan. Ban canza lokacin shan magani ba, ko da yake na ga inda gyaran yake. Mai ba da magani ba ya taɓa abin da likita ya rubuta. Abin da na ce shi ne Malam ya sha ta yamma yanzu a gabana, ya sha ta safe gobe, ya bar wa Ladan Magariba da Isha'i na yau, ni kuma gobe in dawo da maganar likita.

Ladan ya ce, "Na shiga uku. Har Isha'i?"

Liman ya ce, "Ka ɗauko gajeru. Su ma in Allah ya sa ka kai."

Ya sha.

Washegari muka sami likita kafin ya fara zagaye. Sista ta yi bayani, na ƙara nawa. Ya tambaye ni yadda ranar Liman take tun daga Asuba har kwanciya, na faɗa masa a jere. Ya yi ɗan tunani, ya karɓi katin Liman ya haɗe ƙwayar ruwa ta safe da ta yamma wuri ɗaya: a sha da an sallame Asuba, kafin Azahar ƙwayar ta gama aikinta, sauran sallolin huɗu ba abin da zai taɓa su. Ya ce a kawo masa shi ran Litinin ya duba ko hakan ya karɓe shi. Masu ɗaukar karatun safe aka mayar da su bayan la'asar. Sista ta koma wurin Hajiya ta yi mata bayani mace da mace, tun daga aikin kowace ƙwaya har zuwa gishirin miya, kuma ta kafa mata doka ɗaya: duk maganin da bai saba shiga gidan ba, ko wa ya kawo shi, kada ya shiga bakin Malam sai taga ta gani.

Ran Litinin Alhaji Mustafa ya kawo mahaifinsa. Da layi ya ragu ya matso tagata, ya rage murya ya ce, "Malam Isa, na ji abin da ya faru. Kullum in na fito daga nan ina shirya yadda zan faɗa masa. In na kai bakin zaure sai bakina ya mutu. Ta yaya zan dubi mahaifina in kira masa wannan abu?"

Na ce, "Alhaji, ba a ce ka faɗa ba. Kai ka riƙa kawo shi, ka riƙa kai magani. Faɗar tamu ce."

Daga kan Liman muka sake tsari, mu uku da likita, ba tare da wata takarda daga sama ba. Duk ɗan gida da za a sallama, Sista ta fara gano wa ke ajiye magani a gidan, wa ke dafa abinci. A yi wa majinyacin bayani shi kansa, 'ya'yansa su ba da wuri. Lokacin sha da salla ake faɗarsa, don agogo ba kowane ɗaki yake ba, kiran salla kuwa ba inda ba ya kaiwa. Ranar ganin likita a zo da duk wata tsohuwar ambulan da ke gida, a juye a faranti in gani. Cikin makon farko kuma ɗayanmu ya leƙa gidan. Kekena ya san lungunan Kusfa da Kwarbai fiye da na mai tallan kananzir. Ba kowa muka tsare ba, amma fuskokin da muka saba gani a kan gado sai muka koma ganinsu a layin taga, suna tsaye da ƙafarsu.

Sannan muguwar shekara ta zo, lokacin tsuke bakin aljihu. Baba Tanimu ya riga ya yi ritaya, ni ke riƙe da ɗakin. Mota ta daina kawo kaya. Gwangwanaye suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, na riƙa wanke su ina mayarwa mazauninsu ba komai a ciki. Aikina ya koma rubuta "babu" a gefen takardar likita. An zage ni a tagar nan zagin da ban taɓa ji ba, wasu na cewa mu muke kwashewa mu sayar. Ban rama ba, don mai ɗauke da marar lafiya ba a biye masa. Mutane suka bazama kemis-kemis, wasu wurin masu talla a tasha. Magani ɗaya sai ya zo da suna uku da launi uku, ban da na jabu da in ka murƙushe alli ne zalla. 'Yan gida suka fara dawowa gado, wasu don ba su samu ba, wasu don sun samu sun haɗa abin da ba a haɗawa.

Wata safiya a cikin wannan hali na ɗaga kai na ga tsohuwa a taga, ta lulluɓe har goshi. Ban taɓa ganin fuskarta ba. Ta ce, "Kai ne Malam Isa?"

"Ni ne, Hajiya."

"Daga gidan Liman nake, na Kusfa. Na biya gidan Hanne an ce ta tafi biki ƙauye, shi ya sa na taso da kaina."

Na san abin da fitowar irinta ke nufi. Na zagaya na kawo mata benci. Ta ƙi zama. Ta kwance bakin gyalenta ta zube ƙwaya biyu a farantina, ɗaya fara wadda na sani, ɗaya mai ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Wancan na ofis ne ya aiko da wannan jiya." Ɗanta take nufi. "Wai kun ce babu, ya je Sabon Gari ya sayo. An ce mini ɗaya da safe. To ga farar ma ɗaya da safe, kuma da saura. Yarinyar gidansa ta ce sabo ne aka ƙara, a haɗa. Na ce ba a gidana ba. Malam har yana mini faɗa wai na hana shi abin da aka kashe kuɗi a kai."

"Ya sha?"

"Ina ruwansa da sha? A ƙugu na kwana da ita."

Na ce ta ba ni kwalin. Ta ciro shi daga lalita. Na karanta, na ɗauko katin Liman na karanta, na sake karanta su tare. Ƙwayar zuciya ce, ita ce dai farar, kamfani ne daban. Ranar da aka zo ganin likita an rubuta sabuwa don ta gida ta kusa ƙarewa, mu kuma ba mu da ita. Wannan ƙwaya ba ta da wasa. Tsakanin abin da ke gyara zuciya da abin da ke tsayar da ita tazarar kaɗan ce, balle a jikin tsoho. Da an haɗa su kwana da kwanaki, ba na jin ko gadon ma za a kai.

Na kai wa likita ya gani da idonsa, ya tabbatar. Na dawo na ce, "Hajiya, abu ɗaya ne, riga aka sake mata. Ki ƙarasa farar tukuna. Ranar da ta ƙare, washegari ki fara wannan. Kada su taɓa haɗuwa a rana ɗaya."

Ta ce, "Maimaita."

Na maimaita. Sannan na ce ita ma ta maimaita mini, ta yi ba kuskure. Na raba su ambulan biyu, na ɗaure sabuwar da zare don kada a buɗe ta kafin lokaci. Ta ƙulle su a gyale, ta juya za ta tafi, sai ta tsaya ta ce, "In ka ga wancan na ofis, ka ce masa an gode. Ka ce Allah ya yi masa albarka."

Da yamma na hau keke na kai masa saƙon har ofis, kalma da kalma. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

Malam Liman bai sake kwana a gadon asibitinmu ba. Ya ci gaba da jan salla shekaru bayan haka, har ƙarfi ya ƙare masa don tsufa ya miƙa limancin da hannunsa. Duk ranar ganin likita yakan tsaya a tagata, ya zube tsofaffin ambulan a faranti tun ban tambaya ba, ya ɗaga bakin wando ya nuna mini idon sawu ya ce, "Duba da kyau, Malam Isa, kada ka ce an ɓoye maka."

Yanzu an ce kuna da na'ura, kuna da waya, magani na zuwa a kwalinsa da rubutu. Madalla. Amma gidajen nan na cikin ganuwa suna nan, kuma har gobe babban ɗa ne zai zo karɓar maganin tsoho. Ga abin da nake roƙonka, kai da za ka buɗe taga gobe da safe. In ka gama bayani, an maimaita maka daidai, kada ka saki ambulan tukuna. Ka dubi wanda ke gabanka ka tambaye shi: duk abin da na faɗa, za ka iya faɗa wa mai ciwon da bakinka, kana dubansa? In ya sunkuyar da kai, kada ka kunyata shi. Ka tambaye shi sunan unguwa da ƙofar gida, in an tashi aiki ka je ka faɗa da kanka.